Cin schnitzel a gidajen abinci da mashayun Jamus da Ostiriya: tambayoyi da amsoshi

Kowace shekara, da zarar watan Oktoba ya kama jami'o'in Jamus da Ostiriya suka buɗe, sai tambayoyi iri ɗaya su fara shigowa daga sababbin ɗalibai. Abokan karatu sun gayyace su cin abincin dare, an miƙa musu takardar abinci, sun ga kalma ɗaya ta cinye rabin shafi: Schnitzel. Haka ma masu zuwa taro a Viyana, inda hedikwatar OPEC take, da masu kawo marasa lafiya asibiti, da matan da suka biyo mazajensu. Na daɗe ina amsawa ɗaya bayan ɗaya ta waya, shi ya sa na tara tambayoyin a nan. Kalmomin Jamusanci na bar su yadda ake rubuta su, domin haka za ka gan su a gabanka.

Wai mene ne schnitzel ɗin nan?

Nama ne da ake yankawa fale-fale, a buga shi da guduma har ya baje, kaurinsa bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba. Wanda ya taɓa tsayawa wajen masu kilishi ya ga yadda suke feɗe tsoka ta shimfiɗu, ya san matakin farko. Daga nan hanya ta rabu. A barbaɗa masa gishiri, a turmusa shi cikin fulawa, a tsoma a ruwan ƙwai, a sake turmusawa cikin garin busasshen burodi, sannan a sake shi cikin mai mai yawa ya yi iyo har ya yi ja. Ana kawo shi da zafinsa, da yankin lemon tsami a kai, da dankalin turawa a gefe.

Ana furta shi kamar "shnitsal", ma'anarsa ɗan yanki. Kada ka sa ran yaji ko kayan ƙamshi. Daɗinsa yana cikin ƙamshin man da aka soya shi, da garas-garas ɗin bayansa, da tsamin lemon da ka matsa.

Da naman me ake yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsar ba ta da daɗin ji. A Jamus, idan aka rubuta Schnitzel kawai ba a ƙara komai ba, ka ɗauka alade ne. Shi ne nama mai araha kuma wanda aka fi ci a ƙasar, saboda haka mai gidan abinci ba ya ganin akwai buƙatar ya faɗa. Ba ɓoye maka yake yi ba, a wurinsa abu ne da kowa ya sani, kamar yadda mai tsire a Kano ba ya kafa allo ya ce naman sa ne.

Kalmomi huɗu za ka haddace. Schwein alade ne. Kalb maraƙi ne. Pute, ko Truthahn, talotalo ne. Hähnchen a Jamus, Huhn ko Hendl a Ostiriya, kaza ce. Ana manna su a gaban kalmar: Schweineschnitzel, Kalbsschnitzel, Putenschnitzel, Hähnchenschnitzel. Ko kuma a zo da su a baya, a ce vom Schwein, vom Kalb. Idan ba ka ga ko ɗaya daga cikinsu ba, kada ka yi kirdado, ka tambaya. Yadda ake tambayar yana nan ƙasa.

An ce mini Wiener Schnitzel na maraƙi ne. Idan na ga sunan, shi ke nan na tsira?

Da gaskiya a maganar, amma akwai tarko. Kundin ƙa'idojin abinci na Ostiriya, da makamancinsa na Jamus, sun tafi a kan cewa abin da aka kira Wiener Schnitzel, haka ziryan, na maraƙi ne. Wanda aka yi da alade bisa wannan salon sunansa Schnitzel Wiener Art, wato irin na Viyana. Wannan 'yar kalma Art ita ce bambancin halal da haram a kan takardar abinci, kuma ido yana saurin tsallake ta. Akwai kuma Wiener Schnitzel vom Schwein, wanda wata kotu a garin Arnsberg ta ce a 2009 ba laifi a sayar da shi da wannan suna tunda an bayyana naman. Don haka ka karanta layin har ƙarshensa, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa.

Farashi ma yana ba da labari. Naman maraƙi yana da tsada, kuma a tsakiyar manyan birane da wuya ka sami na maraƙi ƙasa da Yuro 20. Idan ka ga allo a bakin ƙofa ana tallar ƙaton schnitzel da soyayyen dankali a rabin wannan kuɗi, ba maraƙi ba ne.

Suna ma ba ya wadatarwa. Gidan Figlmüller da ke titin Wollzeile a Viyana, wanda aka buɗe tun 1905, shi ne baƙi suka fi yi wa layi, kuma schnitzel ɗinsa da ya yi fice, wanda faɗinsa ya kai kusan santimita 30 har yana leƙowa waje da faranti, na alade ne. Su kansu suna rubuta hakan. Na ga 'yan'uwa sun sa gidan a jerin wuraren da za su ziyarta don kawai sun ga hoton farantin a intanet.

To na zaɓi maraƙi ko kaza. Saura me?

Saura mai. Girkin gargajiya na Viyana ya yarda da abu uku: Butterschmalz, Schweineschmalz, da man tsirrai, wato Pflanzenöl. Biyun farko suna kama a rubuce, amma tsakaninsu akwai nisa. Butterschmalz soyayyen man shanu ne, irin wanda iyayenmu ke toyawa su zuba a kwalba, kuma shi ya fi ba schnitzel ƙamshi. Schweineschmalz kitsen alade ne. Idan aka ce maka Schmalz kawai, ka ɗauka na aladen ake nufi. Tsofaffin gidaje da ke alfahari da girkin kaka su suka fi riƙe kitsen, wani lokaci ma suna gauraya shi da man shanun. Gidan Meissl & Schadn a Viyana yana barin mai ci ya zaɓi wanda yake so cikin ukun, abin da nake fatan sauran gidaje su kwaikwaya.

Sai maganar kasko. A ƙananan mashayu da wuraren sayar da abincin gaggawa, ba a kasko ake suyar ba, a cikin tukunyar mai ta lantarki ake yi, wadda suke kira Fritteuse. Man na tsirrai ne, amma a cikinsa aka tsamo na aladen minti biyu da suka wuce, a cikinsa kuma za a jefa na kazarka, wani lokaci har da dankalin. Gidan da ke soya kowane schnitzel a kaskonsa ya fi sauƙin sha'ani, domin za ka iya roƙon a sa maka sabon mai a wankakken kasko. Yawanci suna yi idan ba lokacin cunkoso ba ne.

Ba na jin Jamusanci. Yaya zan tambaya?

Jimloli uku sun isa, ka rubuta su a waya ka nuna idan furtawa ta yi wuya. Ta farko: Ich esse kein Schweinefleisch, ba na cin naman alade. Ta biyu: In welchem Fett wird das gebraten? wato da wane mai ake soyawa. Ta uku: Ist da Speck oder Alkohol drin? wato akwai Speck ko barasa a ciki. Speck kitsen alade ne, cikakken bayaninsa yana ƙasa a amsar da ta yi maganar mahaɗi.

Kada kunya ta hana ka. Bajamushe yana son tambaya kai tsaye, kuma masu kawo abinci sun saba da masu cewa ba sa cin nama, ba sa cin alkama, ba sa shan madara. A manyan birane ma da yawansu Turkawa ne ko 'yan Bosniya ko Larabawa, kafin ka rufe baki sun gane inda ka dosa. Idan wanda ka tambaya ya ɗaga kafaɗa, ka roƙe shi ya leƙa kicin ya tambayi mai dafuwa. Wanda ya amsa maka da sauri ba tare da ya yi tunani ba, shi na fi shakka.

Shi maraƙin da kazar, yankan wa ne?

A gidan abincin Jamusawa na yau da kullum, naman daga mayankar gari yake, ba yankan Musulmi ba ne. Dokar kare dabbobi ta Jamus ta wajabta a gusar da hankalin dabba kafin a yanka ta: shanu da bindigar da ke bugun goshi, kaji da lantarki ko iskar gas. Akwai damar neman izini na musamman saboda addini, wanda kotun tsarin mulki ta tabbatar wa wani mahauci Musulmi a 2002, amma samun izinin ba sauƙi.

Malamai sun rabu a kan wannan nama. Wasu sun dogara da aya ta 5 cikin Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abincin Ahlul Kitabi, suka ce ka yi bisimilla ka ci. Wasu suka ce ba a ambaci sunan Allah a kansa ba, ba a san addinin mai yankan ba, kuma ana iya samun dabbar da ta mutu kafin wuƙa ta taɓa ta, don haka a bari. Na zauna da masu tsoron Allah daga kowane ɓangare. Shawarata ita ce ka tambayi malamin da ka amince da shi tun kafin ranar gayyata, ka tsaya a kan matsaya ɗaya, kada ka bari sai kana zaune yunwa na cinka ka fara neman fatawa a waya. Wanda ya zaɓi barin naman ba zai kwana da yunwa ba: kusan kowane gida yana da soyayyen kifi, ko cuku da aka turmusa cikin garin burodi aka soya, duk da cewa tambayar mai tana nan a kansu su ma.

Gasthaus, Wirtshaus, Beisl, Kneipe: duk mashaya ce?

A'a, kuma fassara su duka da mashaya yana ɓatar da mutum. Gasthaus da Wirtshaus gidajen abinci ne na unguwa ko na ƙauye, inda ake zuwa da yara da kakanni ranar Lahadi bayan coci, a yi bikin suna da walimar aure da zaman makoki. Ana sayar da giya, amma abinci ne kan gaba. Beisl shi ne sunan irin wannan gida a Viyana: bango mai katako, allo da aka rubuta abincin ranar da alli, teburori a matse. A irin waɗannan wurare ake samun schnitzel na kirki.

Kneipe ita ce mashaya ta gaskiya, sha ne kan gaba, abinci ɗan rakiya ne, kuma a nan ne tukunyar mai guda take yi wa kowa aiki. Brauhaus gidan masu dafa giya ne da ke haɗe da babban zauren cin abinci, ya fi yawa a biranen Kolon da Munik na Jamus. Heuriger kuma, a gefen Viyana, wurin manoman inabi ne da ke sayar da sabuwar giyarsu, abincinsa alade ya fi yawa.

Abu biyu da kan ba sabon zuwa mamaki. Na farko kare: gidaje da yawa suna barin mutum ya shigo da karensa ya kwanta a ƙarƙashin tebur, saboda haka ka duba kafin ka zauna, ka nemi wani tebur idan ka ga dama, ba wanda zai ji haushi. Na biyu taba: Ostiriya ta hana shan ta cikin gidajen abinci tun 1 ga Nuwamba 2019, amma a Jamus kowace jiha da dokarta, kuma a Balin har yanzu akwai ƙananan mashayu masu hayaƙi.

Ya halatta in zauna a teburin da ake shan giya?

Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito wanda ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma ba abin wasa ba ne. Wasu malaman da ke zaune a Turai suna sassautawa idan akwai larura, kamar liyafar wurin aiki da rashin zuwanka zai cutar da kai, wasu ba sa sassautawa. Abin da na gani yana aiki shi ne mutum ya riga faɗa. Ka ce wa abokan aikinka ka fi son cin abincin rana tare da su a kan na dare, domin da rana mafi yawansu ruwa ko lemo suke sha. Ko ka zo da wuri, ka ci, ka yi sallama kafin hira ta koma ta kwalba. Ko kuma kai ka zaɓi wurin, ka kai su gidan abincin halal irin waɗanda na ambata a amsa ta kusa da ƙarshe.

Me zan sha?

Apfelschorle, ruwan tuffa da aka sirka da ruwa mai gas, shi ne abokin schnitzel a wurin wanda ba ya shan giya. Akwai Spezi, haɗin kola da lemon zaƙi, a kudancin Jamus. A Ostiriya akwai Almdudler, lemon ganyayyaki da ake yi tun 1957. Idan ka ce ruwa, na kwalba za a kawo a caje ka, kuma mai gas ne sai in ka ce stilles Wasser. Ruwan famfo sunansa Leitungswasser. A Viyana ka nema ba tare da jin nauyi ba, domin daga duwatsu ake janyo shi ta bututun da aka buɗe tun 1873, ya fi na kwalba daɗi.

Ga waɗanda ke rikita mutane. Radler rabinsa giya ne, rabi lemo. Apfelwein na Frankfurt giyar tuffa ce, ba ruwan tuffa ba. A Ostiriya Apfelsaft gespritzt ruwan tuffa ne da gas, amma G'spritzter kawai giyar inabi ce da gas. Sturm, da ake sayarwa da kaka, kamarsa ɗaya da ruwan inabi, alhali ya riga ya fara tsima. Giyar da aka rubuta wa alkoholfrei kuwa doka ta yarda ta ƙunshi barasa har kashi 0.5 cikin 100. A Brauhaus na Kolon, mai kawo abin sha, wanda ake kira Köbes, yakan dire wa duk wanda ya zauna ƙaramin kofin giya ba tare da an tambaye shi ba. Ka gaya masa tun yana isowa.

Jäger, Rahm, Holstein, Cordon bleu: me waɗannan sunaye suke nufi?

Sunayen miya ne ko abin da aka ɗora a kai, kuma a Jamus naman da ke ƙarƙashinsu alade ne sai in an faɗi akasin haka. Jägerschnitzel yana zuwa da miyar naman kaza, wato tsiron nan mai kama da lema da ke fitowa da damina, kuma sau da yawa ana soma miyar da Speck a ƙarasa ta da ɗan ruwan giya. A gabashin Jamus sunan yana nufin wani abu dabam ma: yankin tsiran alade ne da aka soya, da taliya da miyar tumatir. Rahmschnitzel miyar kirim ɗin madara ce. Paprikaschnitzel miyar tattasai ce, wadda a da ake kira da wani suna da al'ummar Roma da Sinti, wasu tsirarun ƙabilu na Turai, ke ɗauka cin mutunci, kuma gidaje da yawa sun sauya shi. Holstein yana zuwa da soyayyen ƙwai da ƙananan kifi masu gishiri. Na Frankfurt yana tafiya da koriyar miya mai sanyi ta ganye bakwai. Münchner ana shafa masa mastad mai zaƙi da wata saiwa mai hawa hanci kafin a turmusa shi.

Cordon bleu shi ne babban tarko. Ko da an rubuta na kaza ne ko na maraƙi, an naɗe cuku da Schinken a cikinsa, Schinken kuwa naman cinyar alade ne. Surschnitzel na Ostiriya ma alade ne da aka jiƙa a ruwan gishiri.

Mutanen Viyana suna ganin zuba miya a kan schnitzel mai garin burodi ɓarna ce, domin tana jiƙa abin da aka sha wahala a kansa. A nan ina tare da su.

Mahaɗin fa? Ai dankali dankali ne.

Haka ni ma na zata. A shekarata ta farko, a wani gidan abinci na ƙauye a jihar Bavariya, na yi duk tambayoyin da suka kamata a kan nama da mai, aka kawo mini na talotalo da Bratkartoffeln, dankalin da aka yayyanka aka soya a kasko da albasa. Na kai loma uku kafin na lura da wasu 'yan jajayen gutsattsari a tsakanin albasar, masu sheƙin mai, da ɗanɗanon hayaƙi. Na kira matar da ta kawo, ta ce ai Speck ne, kaɗan ne kawai, don ƙamshi. Ita a wurinta wannan ba nama ba ne, kayan miya ne. Na ajiye cokali, na fita na kurkure baki, abin ya kwana biyu yana damuna.

Speck kitsen alade ne mai ratsin tsoka da aka ƙyafe da hayaƙi, kuma yana shiga Bratkartoffeln, da koren wake, da kabeji mai tsami, da wasu nau'o'in kwaɗon dankali. Kwaɗon dankalin kudu, Erdäpfelsalat a Viyana, da ruwan khal da mai da albasa da romon nama ake haɗa shi, romon yawanci na sa ne. Na arewacin Jamus da mayonis ake yi, wasu su yanka tsiran alade a ciki. Mafi kwanciyar hankali shi ne Petersilkartoffeln, dafaffen dankali da man shanu da faski, ko shinkafa, ko kwaɗon kokwamba. Jan abin nan mai kama da jam da ake sakawa a ɗan kofi sunansa Preiselbeeren, 'ya'yan itace ne masu tsami da zaƙi, ka ɗanɗana shi da naman.

Haruffan A, C, G da ke gefen sunan abinci za su nuna mini alade?

Ba za su nuna ba. Tun 13 ga Disamba 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa. A tsarin Ostiriya A alkama ce da danginta, C ƙwai, G madara. Alade da barasa ba sa cikin jerin. Harafin O a gefen miya yakan nuna an sa giyar inabi, amma rashinsa ba hujja ba ne.

Yaya ake gane wanda aka yi da kyau?

Ka saurara tun kafin ya iso. Idan ka ji ana bugun katako daga kicin bayan ka ba da oda, naka ake bugawa, ba daga firiza aka ciro shi ba. Idan ya zo, ka duba bayansa. Na ƙwarai rigarsa tana kumbura ta yi tudu da kwari, ta rabu da naman, har ka iya zura wuƙa tsakaninsu. Hakan na faruwa ne saboda ba a danna garin burodin ba, kuma mai suya yana ta jujjuya kaskon man zafi na hawa kansa, tururin naman ya ɗaga rigar. Launinsa ruwan zuma ne, ba ya naso a faranti. Na kamfani kuwa siffarsa ɗaya da na maƙwabcinka kamar an buga da hatimi, rigarsa a manne, gefensa da tauri.

Ka matsa lemon a kan abin da za ka yanka yanzu kawai. Idan ka jiƙe shi duka tun farko, kafin ka kai rabi ya yi laushi.

Akwai wata al'ada ta shiga da zama da ya kamata in sani?

A gidajen unguwa kai kake zaɓar wurin zama, sai dai ka kauce wa teburin da aka sa wa alamar Stammtisch, na dattawan gidan ne da suka shekara suna zama a kai. Idan wuri ya cika, zama kusa da baƙo ba laifi ba ne, ka ce Ist hier noch frei? A kudu da Ostiriya ana gaisuwa da Grüß Gott. Gidaje da yawa suna da ranar hutu, Ruhetag, galibi Litinin ko Talata, kuma kicin yakan rufe wajen ƙarfe 9 ko 10 na dare ko da gidan na buɗe. Mai azumi a lokacin bazara ya lura da wannan, domin rana takan kai bayan ƙarfe 9 ba ta faɗi ba. Abincin rana na ranakun aiki, Mittagsmenü, ya fi araha sosai.

Biyan kuɗi da tukuici fa?

A teburinka ake biya. Za a tambaye ku zusammen oder getrennt, a haɗe ko kowa nasa, kuma kowa ya biya nasa shi ne abin da aka saba, ko da wani ne ya ce a zo. Sai wanda ya ce ich lade dich ein, shi ne ya ɗauki nauyinka. Tukuici kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne, kuma ba a barinsa a kan tebur: idan kuɗinka Yuro 23.40 ne, ka miƙa ka ce 25, ko ka ba da daidai abin da ka yi niyya ka ce stimmt so. Ka riƙe tsabar kuɗi, ƙananan gidaje da yawa ba sa karɓar kati. Abin da ka rage kuma ka ce a naɗe maka, ba abin kunya ba ne.

Gaskiya ne daga Italiya aka samo shi?

Labarin da ake ba baƙi shi ne wani babban hafsan sojan Ostiriya, Radetzky, ya kawo girkin daga Milan a 1857. Masanin harshe Heinz-Dieter Pohl ya bi diddigin labarin ya nuna ba shi da tushe, an fara yaɗa shi ne fiye da shekara 100 bayan zamanin da ake magana. Milan tana da nata, cotoletta, mai kauri da ƙashi a jiki. Mutanen Viyana kuwa sun daɗe suna soya kaza cikin garin burodi kafin lokacin. Girkin ya yi 'yan'uwa a ko'ina: milanesa a Ajantina, tonkatsu na alade a Japan, da na kaza da ya zama abincin mashayun Ostireliya.

Ina zan sami na halal ba tare da duk waɗannan tambayoyi ba?

Ka nufi unguwannin da Turkawa da Larabawa da 'yan Bosniya suka yi yawa: Favoriten da kewayen kasuwar Brunnenmarkt a Viyana, Neukölln da Kreuzberg a Balin, titin Keupstraße a Kolon, Steindamm a Hamburg. Gidajen abinci da yawa a can suna yin na kaza da na maraƙi, ba alade a kicin ɗin gaba ɗaya, wasu ba sa sayar da giya. Ingancinsu ya bambanta, sai ka yi amfani da alamomin da aka faɗa a amsar gane mai kyau. Bayan sallar Juma'a ka tambayi mutanen masallaci, sun fi intanet sanin gidan da ke buga namansa da kansa.

Zan iya yi a gida?

Sosai ma. Ka je wurin mahaucin halal ka ce ya yanka maka cinyar maraƙi ko ƙirjin kaza don schnitzel, ya san kaurin. Ka shimfiɗa leda a kai ka buga da gindin tukunya idan ba ka da guduma. Faranti uku a jere: fulawa, ƙwai, garin burodi, wanda ake sayarwa da sunan Semmelbrösel ko Paniermehl. Kada ka turmusa shi sai man ya yi zafi, domin idan ya jira rigar tana jiƙewa. Man ya kai zurfin yatsa biyu a kwance, zafinsa wajen digiri 170, wato idan ka jefa ɗan garin burodi ya taso nan take yana kumfa bai ƙone ba. Minti 2 zuwa 3 kowane gefe, kana girgiza kaskon a hankali. Butterschmalz yana nan a kowane kanti kusa da bota, kuma idan wani ya taho maka da man shanu daga gida, shi ma yana yi.